Lens mai tsawon milimita 50

Lens mai tsawon milimita 50, wanda ake rubutawa 50mm, wani nau'in gilashin kyamara ne mai tsayayyen tsawo, wato ba ya jawo abu kusa ko ya nesanta shi kamar yadda lens mai zum yake yi. A kyamarorin da ke aiki da fim na milimita 35, da kyamarorin dijital masu cikakkiyar sensa, shi ake ɗauka a matsayin lens na tsaka-tsaki, domin hotonsa ba ya faɗaɗa wuri kuma ba ya matse shi. Samfurinsa mai ƙofar haske f/1.8 yana cikin lens mafi araha da manyan kamfanonin kyamara suke sayarwa, shi ya sa aka fi ba masu koyon ɗaukar hoto shawarar su fara da shi idan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Masu ɗaukar hoto a ƙasashen da ake Turanci suna yi masa laƙabi da "nifty fifty". Sai dai wannan shawara ta samo asali ne tun zamanin fim, kuma ba kowace kyamarar yau take dacewa da ita ba.

Ma'anar lambobin da ke jikinsa

Lamba ta farko, milimita 50, ba tsawon jikin lens ɗin ba ce. Tazara ce tsakanin cibiyar da haske ke tanƙwarewa a cikin gilasan da kuma fuskar fim ko sensa, a lokacin da aka saita lens ɗin a kan abu mai nisa ƙwarai. Idan lambar ta yi ƙasa, kamar 18 ko 24, hoto yana ɗebo wuri mai faɗi. Idan ta yi sama, kamar 135 ko 200, yana ɗebo ɗan wuri kaɗan amma ya girmama shi. A kan cikakkiyar sensa, mai faɗin milimita 36 da tsayin 24, lens na 50mm yana ganin kusan digiri 40 daga hagu zuwa dama, da kusan digiri 47 daga kusurwa zuwa kusurwa.

Lamba ta biyu, wadda ake rubutawa da harafin f, tana nuna iyakar buɗewar ƙofar da haske ke bi. Ana samun ta ne ta hanyar raba tsawon lens da faɗin ƙofar. A lens na 50mm f/1.8, faɗin ƙofar idan an buɗe ta gaba ɗaya ya kai kusan milimita 28. Saboda rabawa ake yi, ƙaramar lamba tana nufin babbar ƙofa, kuma wannan shi ne abin da ya fi rikita masu koyo a farko. Lambobin da aka saba gani su ne 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11 da 16, kuma duk mataki ɗaya da aka hau yana rage hasken da rabi.

Tarihi

Oskar Barnack, ma'aikaci a kamfanin Leitz da ke garin Wetzlar a Jamus, shi ya ƙera ƙaramar kyamarar da ta yi amfani da fim ɗin sinima wajen ɗaukar hoto maras motsi, jim kaɗan kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya zaɓi girman hoto na milimita 24 da 36. An fara sayar da kyamarar da sunan Leica a shekarar 1925, ɗauke da lens na 50mm f/3.5 wanda Max Berek ya tsara, wanda daga baya aka sake fasalinsa aka sa masa suna Elmar. Idan aka auna wannan girman hoto daga kusurwa zuwa kusurwa, milimita 43 da ɗoriya ne, kuma a ƙa'idar masana wannan ne ainihin tsawon lens na tsaka-tsaki. Amma 50 ce ta zauna, sauran kamfanoni suka bi sahu. Kamfanin Pentax ya fitar da lens na 43mm a 1997 don komawa ga ainihin lissafin, bai kuwa kawar da al'adar ba.

Tsarin gilasan da yawancin lens na 50mm suke amfani da shi ya girmi Leica. Ana kiransa tagwayen Gauss, da sunan masanin lissafi Carl Friedrich Gauss wanda ya tsara gilashin na'urar hangen taurari mai gilasai biyu a 1817. Daga baya aka gano cewa idan aka ajiye irin wannan tsari sau biyu, suna fuskantar juna da ƙofar haske a tsakaninsu, kurakuran da ɓangare ɗaya ya haifar sai ɗayan ya gyara da yawa daga cikinsu. Paul Rudolph na kamfanin Zeiss ya gina lens ɗinsa mai suna Planar a kan wannan tunani a 1896, sannan Horace Lee na kamfanin Taylor-Hobson a Ingila ya fitar da Opic mai f/2 a 1920.

Matsalar wannan tsari a lokacin ita ce yawan fuskokin gilashi. Kowace fuska tana mayar da ɗan haske baya, hoto ya fito kamar an lulluɓe shi da hazo. Don haka a shekarun 1930 tsarin Sonnar na Ludwig Bertele, mai ƙarancin fuskoki, ya fi farin jini. Abin ya juya bayan Alexander Smakula na Zeiss ya samo hanyar shafa wa gilashi wani siririn sinadari mai hana haske komawa baya a 1935. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kyamarori masu madubi a ciki suka yawaita, tagwayen Gauss ya ƙara samun fifiko domin yana barin isasshen wuri a bayansa da madubin zai ɗaga ya sauka.

Daga shekarun 1960 zuwa farkon 1980, kusan duk kyamara mai madubi da aka saya tana zuwa ne da lens na 50mm ko abin da ya yi kusa da shi, kamar 55 ko 58. Canon AE-1 da Pentax K1000, waɗanda dukansu suka fito a 1976, haka aka riƙa sayar da su, kuma K1000 ta daɗe tana zama kyamarar ɗalibai a makarantun koyon hoto. Daga baya lens masu zum suka yi araha suka karɓe wannan gurbi. Tun daga nan 50mm ya koma abin da mutum ke saya daga baya, da kuɗinsa daban.

Dalilin araharsa

Tsawon 50mm yana cikin mafi sauƙin ƙerawa ga kyamara mai madubi. Lens mai faɗi yana buƙatar ƙarin gilasai don ya nisanta kansa daga madubin, lens mai dogon zango kuma yana buƙatar manyan gilasai masu nauyi. Shi kuwa 50mm f/1.8 gilasai shida ko bakwai ƙanana sun ishe shi, kuma tsarinsu tsoho ne da aka daɗe da cin kuɗin bincikensa. Canon EF 50mm f/1.8 na 1987, da na biyunsa na 1990, da samfurin STM na 2015, dukansu gilasai shida ne a rukuni biyar. Abin da ya riƙa canjawa shi ne jiki da injin saita fokas. Na 1990 roba ne har mazauninsa, nauyinsa giram 130. Na 2015 ya dawo da mazaunin ƙarfe, ya ƙara ganyayen ƙofar haske daga biyar zuwa bakwai, kuma an fitar da shi a kan kusan dala 125 a Amurka.

Ba kowane 50mm f/1.8 ba ne mai araha. Nikkor Z 50mm f/1.8 S da Nikon ya fitar a 2018 gilasai goma sha biyu ne a cikinsa, kuma farashinsa na farko ya kai kusan dala 600. Lambobin da ke jiki iri ɗaya ne, aikin da ke ciki daban.

Abin da ya fi lens ɗin da ke zuwa da kyamara

Yawancin kyamarorin masu farawa masu madubi sun riƙa zuwa da lens mai zum na 18-55mm f/3.5-5.6. Idan aka murɗa shi zuwa kusan 50mm, iyakar buɗewarsa f/5.6 ce ko dab da ita. Lens mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. A aikace, inda lens mai zum zai tilasta wa kyamara ta bar shata a buɗe na kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, wanda ya isa motsin hannu ko na mutum ya ɓata hoton, lens na f/1.8 zai ɗauki hoto mai haske iri ɗaya a kusan kashi ɗaya cikin 150. Wannan bambanci shi ke raba hoton da ya fito da wanda ya lalace a cikin ɗaki, ko a zauren biki, ko bayan magariba, ba tare da an kunna filasha ba.

Fa'ida ta biyu ita ce dusashe baya. Idan ƙofar haske ta buɗe sosai, yankin da ke fitowa tangaran a hoto yana ƙanƙancewa. A kan cikakkiyar sensa, idan mutum yana tsaye mita 2 daga kyamara, yankin da ke cikin fokas a f/1.8 bai wuce santimita 17 ba, yayin da a f/5.6 ya haura rabin mita. Shi ya sa fuska take fita fes, bango da tarkacen baya kuma su narke. Wannan kama ce da mutane da yawa suke dangantawa da hoton ƙwararru, kuma ita ce wayoyin hannu suke kwaikwayo da manhaja.

Amma abin yana da kaifi biyu. A nisan mita 1, yankin fokas a f/1.8 kusan santimita 4 ne kawai, ta yadda ido ɗaya zai fita ɗayan ya dusashe idan mutum ya ɗan juya kai. Hoton mutane da yawa da ke tsaye layi biyu ba ya yiwuwa a wannan buɗewa, dole a rufe zuwa f/4 ko f/5.6. Masu koyo sukan bar lens ɗin a f/1.8 a kowane hali don ɗokin dusashewar, su dawo gida da hotunan da babu wanda ya fita sosai a cikinsu. Ƙari ga haka, lens masu araha ba su fi kaifi a iyakar buɗewarsu ba. A f/1.8 gefunan hoto sukan yi laushi da ɗan duhu, kuma kaifin yana ƙaruwa sosai daga f/2.8 zuwa f/5.6.

Malaman hoto suna kawo wani dalili na uku da ba na na'ura ba. Wanda ba shi da zum dole ya taka da ƙafarsa, ya matsa gaba ko baya, ya yanke shawarar abin da zai shiga hoto kafin ya ɗaga kyamara. Henri Cartier-Bresson, mai ɗaukar hoto ɗan Faransa, ya yi mafi yawan aikinsa da Leica da lens na 50mm, kuma shi ake yawan kafa hujja da shi. Hujjar ba ta cika ƙarfi ba, tunda abin da ya yi wa mutum ɗaya ba lalle ya yi wa kowa ba, amma malamai da dama suna ganin takurar tana saurin koyar da tsara hoto.

Girman sensa

Nan ne shawarar "fara da 50mm" take yawan kai mutane ga nadama. Kyamarori masu araha yawancinsu ba su da cikakkiyar sensa. Suna ɗauke da ƙarama mai suna APS-C, wadda ke ɗaukar tsakiyar hoton da lens ya kawo kawai, ta bar gefuna. Don sanin abin da za a gani, ana ninka tsawon lens da 1.5 a kyamarorin Nikon, Sony, Fujifilm da Pentax, da 1.6 a na Canon. A tsarin Micro Four Thirds na Olympus da Panasonic ana ninkawa da 2. Ke nan lens na 50mm yana ganin abin da 75mm ko 80mm ko 100mm zai gani a cikakkiyar sensa. Ya daina zama na tsaka-tsaki, ya koma ɗan gajeren lens mai jawowa.

A lissafi, wanda ke tsaye mita 3 daga bango yana ɗebo faɗin kusan mita 2.2 da cikakkiyar sensa, amma kusan mita 1.4 kawai da APS-C. Don ɗaukar mutane biyar da suka jeru a faɗin mita 3, mai APS-C sai ya ja baya fiye da mita 6, abin da ɗakuna da yawa ba za su bari ba. A gefe guda, wannan tsawo ya dace ƙwarai da hoton fuska da kafaɗa, domin yana sa mai ɗauka ya tsaya nesa kaɗan, inda hanci da goshi ba sa kumbura kamar yadda suke yi idan an matso da kyamara dab da fuska.

Wanda yake son ganin tsaka-tsaki a kan ƙaramar sensa yana buƙatar lens na 30 zuwa 35mm a APS-C, ko 25mm a Micro Four Thirds. Kamfanoni sun yi irin waɗannan da gangan. Nikon ya fitar da AF-S DX 35mm f/1.8G a 2009 a kan kusan dala 200, Fujifilm yana da XC 35mm f/2, Panasonic yana da 25mm f/1.7, Canon kuma yana da EF-S 24mm f/2.8 STM, wanda ya ɗan fi faɗi. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ba ta cin ko sisi: a saita lens mai zum da ya zo da kyamara a kan 50, a yi kwanaki ana ɗauka ba tare da an murɗa shi ba, sannan a maimaita a kan 35. Haka kuma yawancin hotunan dijital suna adana tsawon da aka ɗauke su da shi, don haka duba tsofaffin hotuna yana nuna inda hannun mutum ya fi zuwa.

Maganar kama da idon mutum

Ana yawan cewa 50mm yana gani kamar idon ɗan Adam. Wannan ba daidai ba ne idan faɗin gani ake nufi, domin idanu biyu tare suna ɗebo abin da ya haura digiri 180 daga gefe zuwa gefe. Abin da ake nufi shi ne idan aka kalli hoton da aka wanke daga tazarar da aka saba, girman abubuwan kusa da na nesa yana zuwa daidai da yadda mai kallo zai gan su a wurin. Kuma wannan dangantaka tsakanin kusa da nesa ta dogara ne ga inda mai ɗauka ya tsaya, ba ga lens ɗin kansa ba.

Mazauni da dacewa

Kowane kamfani yana da nasa bakin da lens ke ɗauruwa, kuma ba sa shiga juna. Har a cikin kamfani ɗaya akwai bambanci. Lens na Canon EF yana hawa duk kyamarorin EOS masu madubi, kuma yana aiki a kan marasa madubi na RF da adafta, amma lens na RF ba ya hawa kyamara mai madubi ko da adafta. Tsofaffin lens na Canon FD, na kafin 1987, ba sa hawa EF kai tsaye.

Tarkon da ya fi kama masu saye yana wajen Nikon. AF Nikkor 50mm f/1.8D na 2002 ba shi da injin fokas a cikinsa, yana dogara ne da injin da ke jikin kyamara. Kyamarorin masu farawa irin su D40, D60 da jerin D3000 da D5000 ba su da wannan inji, don haka lens ɗin zai hau, zai ɗauki hoto, amma sai an saita fokas da hannu. Haka yake a kan kyamarorin Z da adaftar FTZ. Wanda ke da irin waɗannan kyamarori AF-S 50mm f/1.8G na 2011 yake buƙata, duk da ya fi tsada.

Kyamarori marasa madubi suna da gajeriyar tazara tsakanin mazauni da sensa, milimita 16 a Nikon Z, 18 a Sony E da 20 a Canon RF, idan aka kwatanta da 44 a Canon EF da 46.5 a Nikon F. Wannan ya buɗe ƙofar ɗora tsofaffin lens na zamanin fim da adafta mai araha, kamar Takumar na Pentax ko Helios-44 58mm f/2 da aka ƙera da yawa a Tarayyar Sobiyat. Fokas da ƙofar haske duk da hannu ake saita su. Akwai kuma kamfanonin China irin su Yongnuo da ke yin sabon 50mm f/1.8 a farashi ƙasa da na asali.

f/1.8 ko f/1.4

Samfurin f/1.4 yana shigar da haske da bai kai ninki biyu na f/1.8 ba, kusan kashi 65 cikin ɗari ƙari, amma farashinsa yakan ninka sau biyu ko fiye. Idan aka rufe su duka zuwa f/4, da wuya ido ya bambanta hotunansu. Ga mai koyo, rarar kuɗin ta fi amfani a filasha ko ƙafar ɗora kyamara. A can ƙarshen sama akwai lens irin su Canon 50mm f/0.95 na 1961 da Leica Noctilux f/0.95 na 2008, da kuma Zeiss Planar 50mm f/0.7 da aka yi wa hukumar NASA, wanda Stanley Kubrick ya yi amfani da shi wajen ɗaukar wasu sassan fim ɗin Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir.

Rauninsa

Yawancin 50mm masu araha ba su da na'urar rage girgizar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ta ce kada saurin shata ya yi ƙasa da ɗaya bisa tsawon lens, wato 1/50 a cikakkiyar sensa, da 1/80 a APS-C, sai dai idan jikin kyamarar yana da tasa na'urar. A bidiyo rashin wannan na'ura yana fitowa fili idan ana tafiya da kyamara a hannu. Lens ɗin bai dace da wasan ƙwallo ko tsuntsaye ba saboda ba ya kai wa nesa, bai dace da gine-gine da cikin ɗaki ba saboda ba ya da faɗi, kuma ba ya matsowa kusa da abu fiye da santimita 35 zuwa 45 a yawancin samfura, don haka ba ya ɗaukar ƙananan abubuwa kamar ƙwari da girma.

Sayen na hannu da kulawa

Lens ya fi jikin kyamara daɗewa, kuma na hannu mai lafiya yana aiki kamar sabo. Ana duba shi ta hanyar buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, a haska tocila ta baya, a leƙa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba ta nunawa a hoto kuma kusan kowane tsohon lens yana da ita. Abin gudu shi ne wasu zare-zare masu kama da saƙar gizo-gizo a jikin gilashi, wato fumfuna, wadda ke cin sinadarin da aka shafa kuma tana iya barin tabo ko an wanke. Haka ma hazo da ya lulluɓe gilashi, da mai a jikin ganyayen ƙofar haske, wanda ke sa su jinkirin rufewa. Ƙarjewa a gilashin baya ta fi ta gaba illa. Ya kamata a ɗora lens ɗin a kan kyamarar da za a yi aiki da ita kafin a biya, a gwada fokas kusa da nesa, sannan a ɗauki hoton bango mai rubutu a ga ko gefe ɗaya ya fi ɗayan laushi, alamar cewa lens ɗin ya taɓa faɗuwa.

A ƙasashe masu zafi, laimar damina ita ke haifar da fumfuna, musamman idan an bar lens a rufe cikin jakar fata ko ta ƙyalle na watanni. Ana adana shi a akwati mai rufewa ruf tare da ƙullin silika mai shanye laima, a kuma riƙa fito da shi ana aiki da shi. A lokacin hunturu kuwa ƙura ce abin tsoro. Ana fara hure ta da ƙaramar robar hura iska kafin a goge gilashin da ƙyalle mai laushi, domin gogewa a kan ƙura tana ƙarje shi. Wasu suna ɗaura filta a gaba don kariya, kuma girmanta yana rubuce a bakin lens ɗin: milimita 49 a Canon EF STM, 43 a Canon RF, 58 a Nikon AF-S G.